Kada A Manta Da Darasin Gwagwalada

Ran 5 ga watan Mayu, 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da sanarwar cewa cutar korona ta daina zama abin gaggawa wanda ya shafi duniya baki ɗaya. Tun kafin wannan rana ma jama'ar ƙasar nan sun riga sun ajiye takunkumin fuska, sun koma kasuwanni da masallatai da tashoshin mota kamar yadda suka saba, an kuma rufe yawancin wuraren da aka keɓe don killace masu cutar. Wannan abin godiya ne ga Allah. Amma akwai abu guda wanda bai kamata a naɗe shi tare da gadajen killacewa a jefa a sito ba, watau ilmin da likitocin ƙasar nan suka samu a bakin gadon majiyyata, musamman a asibitocin Abuja, game da irin mutumin da cutar ta kayar da kuma irin wanda ya tashi. Da rayukan bayin Allah aka sayi wannan ilmi, kuma babu waɗanda ya fi shafa kamar 'yan Arewa masu neman abinci a Ikko da Badun da Fatakwal da Anaca da sauran biranen Kudu.

Kowa na iya tuna yadda abin ya faro. Ran 27 ga watan Fabrairu, 2020, aka tabbatar da cutar a jikin wani Bature mutumin Italiya da ya sauka a Ikko. Kafin watan Maris ya ƙare ta isa Babban Birnin Tarayya, kuma a can ne aka yi rashin farko. Ran 23 ga watan Maris Hukumar Yaƙi da Cututtuka ta Ƙasa, watau NCDC, ta sanar da rasuwar wani dattijo mai shekara 67 wanda ya komo daga jiyya a Ingila, yana fama da ciwon sukari da kuma wani irin ciwon daji na ɓargo. A cikin makon nan aka ji cewa Malam Abba Kyari, Shugaban Ma'aikatan Fadar Shugaban Ƙasa, ya kamu bayan wata tafiyar aiki da ya yi zuwa Jamus. Allah Ya yi masa rasuwa a Ikko ran 17 ga watan Afrilu, aka binne shi kashegari a maƙabartar Gudu da ke Abuja. Tun ran 30 ga watan Maris kuwa Shugaba Muhammadu Buhari ya riga ya sa dokar zaman gida a Abuja da Jihohin Legas da Ogun.

Da yake waɗanda aka fara jin sunayensu manyan mutane ne masu hawa jirgin sama, sai talakawa da yawa suka ɗauka cewa wannan cuta ta masu hannu da shuni ce, ba ruwanta da mai gadi ko ɗan dako ko mai shayi. Wasu suka ce zafin ranar ƙasar nan zai kashe ta, wasu kuma suka ce babu ita sam, dabara ce kawai ta cin kuɗin Gwamnati. Duk lokacin da ake wannan gardama a majalisun hira, motocin asibiti na ta kai mutane Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada, wanda ya karɓi da yawa daga cikin waɗanda ciwonsu ya fi tsanani. Da majiyyata suka yi yawa aka buɗe wasu wuraren a Babban Asibitin Ƙasa, da Asibitin Asokoro, da Idu, da kuma babban zauren taro na ThisDay Dome. Ɗakin gwaji na NCDC da ke Gaduwa shi ne ya ɗauki babban nauyin binciken majina da ake kawowa. Likitocin Gwagwalada sun yi abin a yaba musu, domin sun tattara bayanin majiyyata 200 na farko da suka kwanta a hannunsu, suka buga shi don amfanin sauran likitoci.

To, me aka gani? Lissafin da masanan NCDC suka yi a kan mutum 12,289 da aka tabbatar sun kamu daga 27 ga Fabrairu zuwa 6 ga Yuni, 2020, ya nuna cewa kimanin kashi biyu cikin uku ba su da wata alamar ciwo a lokacin da aka gwada su. Suna cin abinci, suna yawo, suna gaisawa da jama'a, ƙwayar cutar kuwa na jikinsu. Maza su ne kimanin kashi biyu cikin uku na waɗanda suka kamu, kuma kusan mutum huɗu cikin kowane biyar da suka rasu maza ne. 'Yan shekara 31 zuwa 40 su suka fi kowa kamuwa, amma 'yan shekara 61 zuwa 70 su suka fi kowa mutuwa. Ma'anar wannan a fili take: magidanci mai jini a jika shi ke ɗauko cutar a kasuwa ko a mota, dattijon da ke zaune a gida shi ke biyan kuɗinta.

Waɗanda ciwon ya bayyana a jikinsu kuwa, abin da suka fi zuwa da shi asibiti shi ne zazzaɓi da busasshen tari, sa'an nan kasala da ciwon kai da ciwon gaɓoɓi da ƙaiƙayin maƙogwaro. Wasu sun daina jin ƙanshi da ɗanɗanon abinci, wasu kuma gudawa ce ta fara kama su. Duk wanda ya dubi wannan jeri zai ga inda matsalar take ga mutumin ƙasar nan, domin babu abin da ya bambanta farkon ciwon da zazzaɓin cizon sauro ko taifot. Mutum zai sayi maganin zazzaɓi ya sha kwana uku, in bai ji sauƙi ba ya sake wani, in ya ƙi ya koma ga sassaƙe da jiƙo. Wani ma an auna jininsa an ga ƙwayar zazzaɓin sauro da gaske, hankalinsa ya kwanta, alhali kuwa cututtukan biyu ne suka haɗu a jikinsa.

Abin da ya fi ba likitoci tsoro shi ne halin da ciwon ke shiga a mako na biyu. Ƙwayar cutar takan yi kamar kwana biyar a jiki kafin ta nuna kanta, ko da yake tana iya kai wa mako biyu. Mafi yawan mutane sukan warke bayan 'yan kwanaki. Amma ga wasu, wajen kwana na bakwai zuwa na goma, daidai lokacin da zazzaɓin ya fara sauka har ana cewa an samu sauƙi, sai cutar ta gangara cikin huhu. 'Yan ƙananan jakunkunan iska da ke cikin huhu su kumbura su cika da ruwa, iskar oksijin ta kasa ratsawa zuwa cikin jini. Garkuwar jiki kuma, garin yaƙi da cutar, sai ta wuce gona da iri ta shiga ɓarna a jikin mai ita. Jini yakan daskare a ƙananan jijiyoyi, ƙoda ta gaza, zuciya ta raunana.

Akwai kuma wani abin mamaki da aka sha gani a ɗakunan jiyya na duniya, har da na ƙasar nan. Majiyyaci zai zo da ƙafarsa yana magana, yana cewa gajiya ce kawai, amma da an maƙala masa 'yar na'urar awon iska a yatsa sai a ga iskar jininsa ta faɗi ƙwarai. Mai lafiya awonsa yakan kama daga 95 zuwa 100, wanda nasa ya sauka ƙasa da 90 kuwa yana cikin hatsari, ko da bai ji numfashinsa na sarƙewa ba. Irin waɗannan mutane su ne ake cewa jiya an gan su a masallaci, yau an wayi gari babu su. Ba farat ɗaya mutuwar ta zo ba, ta yi kwanaki tana tafe, babu wanda ya auna balle ya gane.

Game da waɗanda cutar ta fi kayarwa, bakin likitocin duniya ya zo ɗaya. Tun watan Fabrairu na 2020 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar Sin ta fitar da lissafin mutum 44,672, inda ta nuna cewa kashi 81 cikin 100 ciwonsu mai sauƙi ne, kashi 14 mai tsanani, kashi 5 kuwa rai a hannun Allah. Waɗanda suka mutu gaba ɗaya kashi 2.3 ne cikin 100, amma a cikin masu ciwon sukari sun haura kashi 7, a cikin masu ciwon zuciya sun haura kashi 10, a cikin waɗanda suka kai shekara 80 kuwa sun kusa kashi 15. Da aka bi bayanin majiyyata fiye da 2,000 a wuraren jiyya na Jihar Legas, sai aka tarar cewa a cikin masu wata tsohuwar cuta hawan jini ne kan gaba da nisa, ciwon sukari na biye, kuma mutuwa ta fi yawa ainun a cikinsu bisa ga waɗanda suka zo da korona kaɗai. Abin da aka gani a Abuja bai saɓa wa wannan ba, tun daga kan mamacin farko.

Dalilin haka ba boyayye ba ne. Mai hawan jini ya yi shekaru zuciyarsa na aikin da ya fi ƙarfinta, jijiyoyinsa sun ƙage, ƙodarsa ta fara gajiya, saboda haka ranar da iska ta ragu a jininsa ba shi da sauran ƙarfin da zai jure. Mai ciwon sukari kuma garkuwar jikinsa ta riga ta yi rauni, da zazzaɓi ya kama shi sai sukarin ya ƙara hawa, hawan sukarin kuma ya ƙara ba cutar dama. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Abin baƙin ciki shi ne masana sun ƙiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin uku na manyan ƙasar nan yana da hawan jini, kuma mafi yawansu ba su sani ba. Akwai waɗanda sai a gadon killacewa aka fara gaya musu cewa suna da shi, ko suna da sukari, bayan sun yi shekaru suna ɗauke da abinsu.

Duk mai shakka ya tuna da abin da ya auku a Kano cikin watan Afrilu na 2020, lokacin da masu haƙar kabari suka rasa hutu, dattawan gari da malamai da 'yan boko suka yi ta faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. A watan Yuni Ministan Lafiya na lokacin, Dokta Osagie Ehanire, ya bayyana sakamakon binciken da aka yi, ya ce an ƙirga mutuwar mutum 979 a ƙananan hukumomi takwas na birnin, kuma tsakanin kashi 50 zuwa 60 cikin 100 na iya kasancewa korona ce sanadinsu, a jikin mutanen da dama suna da wata cuta. Mafi yawansu sun haura shekara 65. Da yawa a gida suka cika ba su ga likita ba, domin a makonnin nan tsoro ya sa asibitoci da dama sun rage karɓar marasa lafiya, jama'a kuma na gudun asibiti don kada a killace su. 

Sai kuma batun magani, wanda a nan ne aka fi yaudarar jama'a. A watan Maris na 2020, bayan Shugaban Amurka na lokacin, Donald Trump, ya yabi maganin kulorokwin, mutane suka yi rububin sayensa a Ikko, har hukumomin lafiya na jihar suka ba da sanarwar cewa an kwantar da waɗanda suka sha fiye da kima ya zame musu guba. A watan Mayu aka kawo wa Nijeriya wani jiƙo daga Madagaska ana cewa waraka ne, amma da Cibiyar Binciken Magunguna ta Ƙasa da ke Idu a Abuja ta bincike shi, ba ta sami hujjar cewa yana warkar da cutar ba. Babban gwajin da Jami'ar Oxford ta jagoranta a asibitocin Ingila shi ya raba gardama a watan Yuni na 2020. Ya nuna cewa dangin kulorokwin da aka gwada bai hana mutuwa ba. Ya kuma nuna cewa wani tsohon magani mai araha, dexamethasone, ya rage mutuwa da kashi ɗaya cikin uku ga waɗanda na'ura ke yi wa numfashi, da kashi ɗaya cikin biyar ga waɗanda aka sa wa iskar oksijin.

A nan akwai gargaɗi da ya kamata kowa ya riƙe. Wannan gwaji ya nuna cewa maganin ba ya amfanin wanda ciwonsa mai sauƙi ne, wanda bai kai ga bukatar iska ba. Bugu da ƙari yana ta da sukarin jini, yana kuma danne garkuwar jiki. Ƙwayar nan ce wasu ke saye a kemis suna sha don neman ƙiba, ba su san abin da take yi musu ba. Maganin da ya ceci mutum a hannun likita a kwana na goma yana iya cutar da shi in ya sha da kansa a kwana na biyu. Abin da ya tashi yawancin majiyyatan da suka jigata shi ne iskar oksijin a kan kari, da kwantar da su rub da ciki don bayan huhu ya buɗe, da allurar hana daskarewar jini, da daidaita sukari da hawan jini, da kuma ma'aikatan jiyya da suka kwana a kansu.

Iskar nan kuwa ita ce ta yi ƙaranci a lokacin da aka fi bukatarta. Da annobar ta sake tasowa a watan Disamba na 2020 da Janairu na 2021, masu zuwa asibiti da sarƙewar numfashi sun fi na karon farko yawa. Gwamnan Jihar Legas, Babajide Sanwo-Olu, ya bayyana cewa bukatar tukwanen iska a asibitin masu cututtuka masu yaɗuwa na Yaba ta tashi daga 70 zuwa 350 a kowace rana. A Abuja ma gadajen masu tsananin ciwo sun yi wuyar samu, kuma reshen ƙungiyar likitoci na birnin ya ba da sanarwa a ƙarshen Disamba cewa likitoci 20 sun rasu cikin mako guda a faɗin ƙasar. Mutanen nan sun shiga annobar ne kuɗin hatsarin da ake ba su a wata bai wuce Naira 5,000 ba. Sai a watan Janairu na 2021 Gwamnatin Tarayya ta amince da kashe Naira miliyan 6,450 don kafa injunan samar da iska a wurare 38. An yi abin kirki, amma an fafe gora ranar tafiya.

Lissafin hukuma ya tsaya a kan mutum kimanin 267,000 da aka tabbatar sun kamu a ƙasar nan, da mutum 3,155 da suka rasu. Jihar Legas ce kan gaba da fiye da 100,000, Abuja na biye da fiye da 29,000. Sai dai binciken jini da NCDC da Cibiyar Binciken Lafiya ta Yaba suka yi a watannin Satumba da Oktoba na 2020 ya nuna cewa kashi 23 cikin 100 na mutanen Jihar Legas sun riga sun haɗu da cutar, haka ma a Inugu, kashi 19 a Jihar Nasarawa maƙwabciyar Abuja, kashi 9 a Gwambe. Watau a Jihar Legas kaɗai miliyoyi ne suka kamu. Yawan matasa a cikin al'ummar ƙasar nan ya taimaka ƙwarai wajen rage ɓarna. Amma a ƙasar da ake binne yawancin mamata ba tare da takardar likita ba, bai dace kowa ya bugi ƙirji da ƙarancin lissafi ba.

Ba wannan ne karo na farko ba, ba kuwa shi ne na ƙarshe ba. A watan Satumba na 1918 wata muguwar mura, wadda tsofaffi ke kira marisuwa, ta shigo ta tashar jiragen ruwa ta Ikko, ta bi layin dogo da hanyoyin fatake har ta game Arewa. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa ta kashe kimanin mutum 500,000 a lokacin da jama'ar Nijeriya ba su wuce miliyan 18 ba. Hanyar da goro da gishiri ke bi su hau Arewa, shanu da albasa su gangara Kudu, ita ce hanyar da annoba ke bi, kuma 'yan Arewa mazauna Kudu su ne a kan wannan hanya dare da rana.

Wannan shi ya kawo magana a kan wata al'ada da ta daɗe a tsakanin 'yan ci-rani da fatake. Mutum na Agege ko Idi-Araba ko Mile 12, ko Sasa a Badun, ko Lokpanta, ko Ama Hausa a Owerri, in ciwo ya kama shi sai ya daure, domin ranar da bai fita ba babu na cefane, balle na aikawa gida. In abin ya ci tura sai 'yan ɗakinsu su yi karo-karo su sa shi a mota, a ce a kai shi gida. Niyyar mai kyau ce, kowa ya fi son ya yi jiyya a gaban danginsa, kuma ana tsoron kuɗin asibiti da rashin jin harshen ma'aikata. Amma tafiyar kimanin kilomita 1,000 a bayan tirela ko cikin cunkoson bas, ga mutumin da iskar jininsa ta riga ta faɗi, ita ce takan ƙarasa shi. In ma ya isa da rai, ya isa a makare, ya kuma kai cutar ɗakin mahaifiyarsa da mahaifinsa, waɗanda su ne lissafi ya nuna sun fi kowa hatsari. Ko a lokacin da aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi a 2020 an sha kama matasa a ɓoye cikin motocin kaya. Malamai kuwa sun sha tunatarwa cewa tun zamanin Sahabbai aka san hukuncin kada a fita daga garin da annoba ta sauka, kada kuma a shiga.

Saboda haka wajibi ne kowane magidanci da ya kai shekara 40 ya je a auna jininsa da sukarinsa aƙalla sau ɗaya a shekara, ko da yana jin kansa garau. Awon ba ya cin minti biyar, kuɗinsa kuma bai kai na cin abincin rana guda ba. Wanda awonsa ke kai 140 bisa 90 ko fiye a kai a kai, ya ga likita, in an ɗora shi a kan magani kada ya bari don ya ji sauƙi, domin hawan jini ba ya sallama. Mai yawan ƙishirwa da yawan fitsarin dare da rama ba dalili, ya nemi awon sukari. Zazzaɓin da ya wuce kwana uku ana shan magani bai sauka ba, na asibiti ne. Wanda numfashinsa ke sarƙewa, ko ƙirjinsa ke ciwo, ko ya fara ruɗewa, ko barci ke rinjayarsa ba ya iya tashi, a kai shi asibiti mafi kusa a wannan sa'a, a bar zancen mota sai ya warke. Korona ba ta ƙare a duniya ba, kuma wannan ƙa'ida ta shafi ciwon huhu na kowane iri.

Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwannin shanu da na gwari, da ƙungiyoyin direbobi da na 'yan acaba da na mahauta, da limaman masallatan zango, suna da babban aiki a nan. Ƙungiyar da ke iya tara kuɗin kai gawa gida tana iya tara kuɗin kai mai rai asibiti. Ba abin da zai gagara ba ne kowace kasuwa ta sayi na'urar awon jini da ta awon sukari da 'yar na'urar yatsa, ta nemi wani ma'aikacin lafiya ya riƙa zuwa ranar Juma'a bayan an sauko. Haka kuma ya kamata kowane zango ya san asibitin Gwamnati da ke kusa da shi, ya kuma keɓe mutum biyu ko uku masu jin Turanci da harshen gari waɗanda za su riƙa raka maras lafiya, don kada rashin tafinta ya hana bawan Allah faɗin abin da ke damunsa.

Ita kuwa Gwamnati, nauyin da ke kanta ya fi na kowa. A Abuja ne shugabannin Afirka suka taru a watan Afrilu na 2001 suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu don kiwon lafiya, kuma Gwamnatin Tarayya ba ta taɓa cika wannan alkawari da ke ɗauke da sunan babban birninta ba. Jama'a na da haƙƙin a gaya musu nawa ne cikin injunan iska 38 aka kafa, nawa ne ke aiki, wa ke gyara su in sun lalace. Iskar da ta ceci mai korona ita ce mai naƙuda ke bukata, da jaririn da aka haifa bakwaini, da yaron da ciwon huhu ya kama. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta wa kowane ɗan ƙasa shiga, amma dole a sauƙaƙa hanyar da mai gadi da ɗan garuwa za su yi rajista a inda suke zaune, ba tare da an tambaye su takardar asalin jiha ba. Kada kuma a manta da cewa allurar rigakafi ta farko, kusan miliyan huɗu, ta sauka Abuja ran 2 ga watan Maris, 2021, amma a watan Disamba na shekarar aka lalata fiye da miliyan ɗaya a jujin Gosa saboda an kawo su a ƙurarren lokaci, wa'adinsu ya cika kafin a yi amfani da su. Ƙasar da ke jiran sadakar rigakafi daga waje haka za ta riƙa karɓar saura.

Likitoci da ma'aikatan jiyya da masu shara da direbobin motocin asibiti da suka tsaya a Gwagwalada da Idu da Asokoro da Yaba da Kano sun sauke nasu nauyin, wasunsu ma da ransu suka biya. Abin da suka gano a taƙaice shi ne tsufa da hawan jini da ciwon sukari da zuwa asibiti a makare su ne suka fi taimakon cutar wajen kisa. Tsufa ba shi da magani, amma sauran ukun suna hannun jama'a da hukuma, kuma tun yanzu da ake zaune lafiya ya kamata a tashi a kansu. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Ya ba masu jiyya lafiya, Ya kiyaye ƙasar nan daga sake ganin irin wannan annoba, amin.